Ruwan Toka da Rabin Kofi

A gidanmu na Dutsen Kura ni ce mai takarda. Ba wai na fi kowa hankali ba ne, ni ce dai kaɗai na shiga makarantar horon malamai na gama, aka ba ni aji a wata firamare a Maikunkele. Duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ce ko wasiƙar dangi, sai a tura ta ƙarƙashin buzun sallar Baba ta jira ni. Wannan ya fasa min kai tun ina budurwa, kuma babu wanda ya taɓa ƙoƙarin rage min. Baba ma shi ne babban mai zuga ni. Malama yake ce min ko a gaban wa, har yaran unguwa ba su san ina da wani suna ba. Inna kuwa ni ce 'yar farinta, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Ba ta musu da ni, ba ta yabona, ba ta cika kallon idona ba. Kunyar 'yar fari ce, kowa ya sani, amma ni na daɗe ina ɗaukar shirun nata a kan ta yarda na fi ta sani.

Baba kafinta ne. Kakanmu aikin layin dogo ya biyo daga can arewa, ya sauka a Minna ya ce shi ya iso. Baba ya koyi aikin katako a wajen masu gyaran taragu, kuma lokacin da Minna ta zama babban birnin jiha, ofisoshi suka yi ta tsirowa kowa na neman tebur da kujera, a nan ya samu ya sake gina tsohon gidanmu na Dutsen Kura da siminti. Mutum ne mai barkwanci da son abinci, kuma gishiri abokinsa ne. Kafin ya ɗanɗana miya hannunsa ya riga ya tafi wajen gishiri. An gaya masa yana da hawan jini tun da daɗewa, aka ba shi ƙwayoyi, ya riƙa sha ranar da kansa ya yi ciwo kawai. In Inna ta yi magana sai ya ce lafiyayye ba ya shan magani.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ƙafafunsa suka fara kumbura. Da farko dariya ya mai da abin, ya ce takalminsa ne ya rame. Sai fuska ta biyo baya, sai amai da safe, sai ƙaiƙayin jiki, sai ya zama ko zarto ba ya iya ja. A asibitin gari aka ɗibi jininsa aka auna, likitan ya kira ni gefe, don ni ce mai jin Turanci, ya ce ƙodojin Baba sun gaji, ba sa tace dattin jini yadda ya kamata. Ya ce akwai injin da ke yi wa mutum wannan aikin, wankin ƙoda ake ce masa, amma babu shi a Minna, babu shi a ko'ina kusa da mu. Sai Legas.

Jirgin ƙasa muka bi, ni da shi da Inna. Ban taɓa manta ganina na farko da injin nan ba. An kwantar da Baba, an soka masa robobi biyu, jini na fita ta ɗaya yana zagaya cikin injin yana komawa ta ɗayar, awa huɗu ko fiye. Inna ta juya wa abin baya, ta ce ita ba za ta iya kallon jinin mijinta yana yawo a waje ba. Shi kuwa Baba ido ya ƙura wa robar, can ya ce, "Malama, ki sa ido. In za su mayar, su mayar min da nawa, kada su haɗa min da na wani." Da aka gama kuma sai ya shafa ƙafar teburin da ke gefen gadon ya ce wanda ya yi shi bai iya aiki ba.

Sati shida muka yi a can a ɗakin wani ɗan'uwan Baba. Kumburin ya saɓe, amai ya tsaya, mutum ya dawo kamar shi. Likitan Legas ya so a riƙa wankin sau biyu a sati, amma mu ba mutanen Legas ba ne, zama can ya fi ƙarfinmu. Da yake ƙodar tana da ɗan sauran ƙarfi, yana fitsari kaɗan-kaɗan, sai ya yarda mu koma gida mu riƙa zuwa duk bayan sati uku. Ya ce ba don haka ya dace ba, don dai babu yadda za a yi ne, kuma ran Baba tsakanin zuwa da zuwa yana hannun mai ba shi abinci. Wata nas ta miƙo min takarda da aka buga da tafireta. Ba gishiri, ba kanwa, ba ayaba, ba lemo, ba gyaɗa. Doya a jiƙa ta, a tafasa, a zubar da ruwan. Abin sha kuma kofi uku a yini, har da koko, har da shayi, har da wanda zai haɗiyi magani da shi.

Na karɓi takardar nan kamar an naɗa ni sarauta. Muna komawa na roƙi maigidana ya bar ni in dawo gida da zama, kullum safe in bi motar Maikunkele, azahar in dawo. Na ɗauki wani kofin silba, na samu ƙusa a shagon Baba na ja masa layi daga ciki, na ce nan ne iyaka. Randar tsakar gida na sa aka kai ta ɗakina. Masu zuwa dubiya da tsimi ko rubutu ko fura a ƙwarya, tun daga zaure nake karɓewa in yi godiya in ajiye. An yi ta gulmata a unguwa, na ji, kuma har daɗin abin nake ji. Ina ganin jahilci ne ke magana, ni kuwa ina da takarda.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai zauna Minna a watan Maris da Afrilu ba bai san zafin da nake nufi ba, wanda duwatsu ke sha da rana su yi ta amayo wa mutane. Baba yakan zauna a inuwar mangwaro, leɓɓansa a bushe, in wani ya wuce da moɗa sai idonsa ya bi shi har ya ɓace. Bai taɓa yi min gardama ba. In ya roƙa na ce lokaci bai yi ba, sai ya ce, "To, Malama." Inna ce abin ke ci. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofata, tana kallon ƙasa, ta ce, "Ke, ruwa ne fa. Ko baƙon da ba a sani ba ba a hana shi." Na ce mata in tana so ta ga mijinta ya kumbura kamar da, ga randa can. Ta juya ta tafi.

Ƙishirwa dai ya daure mata, abinci ne ya gagara. Mutumin da ya shekara sittin yana cin gishiri aka wayi gari ana ajiye masa miya lami. Sai ya kai loma ɗaya, biyu, ya ture kwanon, ya ce wannan ai garin katako ne, shi kuwa ya shaƙi isasshe a shago. Na yi dabarar citta, na yi ta tafarnuwa, na yi ta albasa, duk a banza. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni, don na ga takardata za ta tsare shi daga kumburi ta miƙa shi ga yunwa.

Muna da maƙwabciya da katanga ɗaya ta raba mu, Mama muke ce mata. Kirista ce, kuma danginta suna noma wannan ƙasa tun kafin a san za a yi gidaje a wurin. 'Ya'yanta a lokacin can wajen Gidan Kwano suke noma. Ita ke aiko mana shinkafa ranar Kirsimeti, mu mu aika mata nama da Sallah, kuma ita ta wanke ni ranar da aka haife ni. Wata Asabar na shiga wajenta neman busasshiyar kuɓewa, sai na tarar da abin da na sha gani tun ina yarinya ban taɓa kula ba. Tsohuwar tukunya ce mai huji a gindi, an shimfiɗa ciyawa a ciki, an cika ta da toka, an ɗora ta a kan wata tukunyar. An zuba ruwa a sama yana ɗiga a hankali, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba.

Mama ta ce tokar totuwar masara ce da harawar wake. Ta ce suna yara a ƙauye gishiri sai mai hali, da wannan iyayensu ke gyara miya. Na tsoma yatsa na lasa. Ya ɗan ciji harshe, da ɗan ɗaci, amma can ƙasa akwai wani abu mai kama da gishiri. Nan take na ce mata na samu maganin matsalar Baba.

Mama ta dube ni. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, mace da namiji duk "ka" ne. Ta ce, "Malama, ka tambayi likita tukuna. Ni ban san ciwon koda ba."

Na ce, "Mama, takardar likita tana hannuna, na karanta ta ciki da bai. Gishiri aka hana da kanwa. Babu toka a ciki."

Ta ce, "To, kai ne ka yi karatu." Ta cika min kwalba ta ba ni.

Ranar na yi miyar kuka na zuba cokali biyu. Baba ya kai loma ta farko ya tsaya, ya ɗaga kai ya dube ni, ya kai ta biyu. Malmala biyu ya tashi da su, ya suɗe kwanon da yatsa. Ya ce, "Yau wa ya tuna da ni?" Na ce ni ce. Ya yi ta sa min albarka har na ji kunya, Inna na gefe tana murmushi a ɓoye. Ina faɗa ba tare da ɓoyewa ba, a duk rayuwata ban taɓa jin na isa kamar wannan ranar ba.

Daga nan na daina damun Mama, na kafa tawa tukunyar a bayan madafa. Kuma da yake ni mai wayo ce, sai na ce kada in ƙara wa Baba ruwa ta bayan fage, don haka nawa ruwan tokar da kauri nake tace shi, toka da yawa ruwa kaɗan, in sake mayar da shi ya bi ta tokar karo na biyu. Na Mama ruwa-ruwa ne, nawa kuwa har santsi yake a yatsa. Kuka, kuɓewa, karkashi, fate, babu abin da ba na zubawa. Baba ya fara mayar da jiki, har yana leƙa shago yana yi wa masu aiki tsiya.

Da muka koma Legas aka auna jininsa kafin a ɗora shi a inji, kamar kullum. Likitan ya zo zagaye da ɗalibai biyar ko shida cikin fararen riguna. Ya duba ƙafafun Baba ya ga babu kumburi sosai, ya juya ga ɗaliban ya nuna ni, ya ce da duk masu jinya kamar wannan malamar suke da aikinsu ya yi sauƙi. Na ji kaina ya ƙara faɗi. Sai ya buɗe sakamakon jinin, fuskarsa ta canza. Ya ce akwai wani sinadari, fotasiyam, da ya hau fiye da kima. Ya ce lafiyayyar ƙoda tana zubar da shi ta fitsari, amma ga mai irin ciwon Baba taruwa yake, kuma in ya yi yawa zuciya yake tsayarwa ba sallama.

Ya fara tambayata. Ayaba? Na ce a'a. Lemo? A'a. Gyaɗa? A'a. Maganin gargajiya? Na ce ni da kaina nake tare shi a zaure. Sai ya ce, "Akwai wani abu dabam da yake ci, ko kuke sa masa a abinci, wanda ban ambata ba?"

Tokar ta zo min har kan harshe. Wannan shi ne wurin da na yi shekara da shekaru ina komawa ina tsayawa. Turanci muke yi, ɗalibai sun zuba min ido da biro a hannu, yanzun nan aka gama yabona. Na lalubi yadda zan faɗa da Turanci cewa ina ƙona totuwa in tace tokar in zuba wa ubana a miya, na ji duk yadda na juya maganar dariya za a yi. Za su ce ga malamar makaranta daga Arewa tana ciyar da mahaifinta toka. Sai na ce wa raina ai toka ba abinci ba ce, ba magani ba ce, abin da wuta ta riga ta cinye me ya rage a cikinsa. Na buɗe baki na ce, "Babu."

Allah ne shaidata ban san tokar ce ba. Amma na san an tambaye ni, kuma na san ban faɗi duka ba. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba, kunyar mutanen da ko sunana ba su sani ba.

Likitan ya ɗaga kafaɗa ya ce to akwai mai ba shi wani abu in na tafi makaranta. Na juya na dubi Inna, tana zaune a kan benci da mayafinta, ba ta jin ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa. Wallahi har sauƙi na ji a raina da aka samo min mai laifi.

Muna dawowa Minna na juye ɗakin Inna. Na ɗaga katifa, na buɗe kwalla, na leƙa ƙarƙashin gado ina neman ɓawon ayaba ko ƙullin magani. Ban samu komai ba, amma hakan bai sa na yi shiru ba. Na gaya mata likita ya ce wani na kashe Baba a ɓoye da sunan tausayi, kuma gidan nan mu biyu ne ke ba shi abinci. Tana tsaye tana riƙe da ƙyauren ƙofa ta ce, "Ban ba shi komai ba." Na ce Allah ya sa. Daga ranar ta zama in ta ji takuna sai ta janye daga kusa da mijinta. Uwa tana tsoron 'yar da ta haifa a cikin gidanta, ni kuma ina ganin tsari ne ya kankama. Yammacin ranar ma miyar toka na yi masa.

Kwana goma sha ɗaya da dawowarmu, wata Alhamis mai zafi, na dawo daga makaranta na yi tuwo da miyar kuɓewa. Ya ci sosai. Bayan ya wanke hannu ya ce ƙafafunsa sun yi masa nauyi tun safe, kamar ba nasa ba, kuma bakinsa da yatsunsa suna masa wani iri. Na ce zafi ne, ya kwanta a inuwa. Sai ya ce, "Malama, ɗan ruwa fa?" Ya riga ya sha kofi biyu, na ukun na ajiye shi ne don maganin magariba. Na ce, "Baba, ka daure sai magariba." Ya ce, "To, Malama." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na shiga ɗaki na zauna duba littattafan 'yan aji.

Bayan la'asar kaɗan na ji Inna tana salati da wata irin murya. Na fito na tarar da shi a kan tabarma ya kife gefe guda, ita tana girgiza shi. Babu numfashi. A gefen tabarmar ga kofin silba a kwance, na ɗauka na ji cikinsa a jiƙe. Mata sun fara shigowa, Mama ce ta farko. Na ɗaga kofin na ce, "Inna, ruwa kika ba shi?"

Ta ce, "Rabi."

Na ce, "To kin huta. Kin ga abin da rabin naki ya yi."

A gaban mutane na faɗa, gawar mijinta tana kan cinyarta. Mama ta kama hannuna ta ja ni waje tana cewa, "Haba Malama, ka yi shiru, uwanka ne." Na yi shiru, amma magana ta riga ta fita, kuma ban taɓa janye ta ba.

Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba. Tana fita takaba ta sa aka kafa randa a ƙofar gida, a gindin katanga, da moɗa a ɗaure da igiya. Kullum da safe ita ke cika ta da kanta. Masu tura baro, 'yan makaranta, mata masu dawowa daga gona da itace a kafaɗa, kowa tsayawa yake ya sha. Mutane na cewa sadaka take yi wa marigayi. Ni kuwa na san neman gafara take yi, kuma na bar ta tana yi. Duk lokacin da na zo gida na ga randar sai in ce a raina, aƙalla ta san abin da ta aikata. Shekara tara muna haka. Ina kawo mata atamfa da Sallah, tana tambayar jikoki, muna gaisawa kamar surukai.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ciwon ƙoda ya kama mijin wata abokiyar aikina. Lokacin an samu injin a wani asibitin koyarwa a nan Arewa, ba sai an je Legas ba. Da yake an san ni a matsayin wadda ta ƙware a jinyar ƙoda, sai ta roƙe ni in raka su. Na tafi ina ta ba ta darasi a mota. A can, yayin da majinyata ke kan inji, wata nas Bahaushiya, babbar mace mai fara'a, ta tara masu jinya a kan bencuna a baranda tana koya mana abinci, da Hausa tsantsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gishiri, kanwa, ayaba, ina gyaɗa kai kamar ni na rubuta. Sai ta sa hannu a jaka ta ɗaga wata 'yar kwalba mai ruwa launin shayi. Ta ce, "Wa ya san wannan?"

Mata suka yi dariya, suka ce ruwan toka ne.

Ta ce, "To shi na fi tsoro. In mun hana ku gishiri sai ku koma gida ku tace wannan, kuna ganin kun yi dabara. Sinadarin nan da muke ce muku yana tsayar da zuciya, tokar itace da kara cike take da shi. Mu ma ba a takardunmu na da muka same shi ba, sai da muka zauna muna tambayar mutane da harshensu me suke zubawa a tukunya."

Ban san yadda na kai ƙarshen zaman ba. Da aka watse na bi ta har ƙofar ofis, na ce ina da tambaya a kan wani majinyaci da ya daɗe da rasuwa. Na ce rabin kofin ruwa zai iya kashe mai ciwon ƙoda nan take? Ta ce ruwa in ya yi yawa kumburi yake kawowa da sarƙewar numfashi, a hankali, ana gani, rabin kofi ba ya kayar da mutum a zaune. Na gaya mata nauyin ƙafafu, da yatsu, da yadda ya faɗi, da tukunyar bayan madafa. Ta ce, "Hajiya, ban ga majinyacin ba, kuma rai na Allah ne. Amma ki daina zargin ruwan."

Wata biyu na yi ina ɗauke da maganar. Mama ta riga ta rasu, ita da ta ce in tambayi likita tun ranar farko. Saura Inna. Sau uku ina zuwa Dutsen Kura da niyya, in zauna in sha koko in koma. Na gano cewa saurin bakin da nake taƙama da shi na ɗora wa wani laifi ne kawai.

Wata Asabar da safe na same ta a ƙofar gida da bokiti, tana cika randar. Ta tsufa, sai ta ɗaga bokitin ta huta ta sake ɗagawa. Na durƙusa a nan kan titi, abin da ban yi mata ba tun ina yarinya, na gaya mata komai. Tokar, da tambayar likita, da "babu" ɗin da na ce, da abin da nas ta faɗa. Na ce ba ruwanta ba ne, miyata ce. Na ce ta yafe min maganar da na gaya mata a gaban mutane, da shekara tara da na bar ta da ita.

Na so ta zage ni, da na samu sauƙi. Ta ajiye bokitin tana kallon moɗar da ke lilo a jikin igiya. Can ta ce, "Ke ma so kike ya ci abinci. Tashi, mutane na kallo."

Ban tashi ba. Sai ta sake magana a hankali, ba da ni take ba sosai.

"Ya shanye rabin, ya miƙo min kofin, ya ce in ɗan ƙara masa. Har na karɓa. Sai na ji motsinki a ɗaki, na ce masa a'a." Ta goge hannunta a zane. "Ashe da na cika masa."

Ta sunkuya ta ɗauki bokitin. Na miƙa hannu in karɓa, ba ta sakar min ba.